Askar Makon Farko: Tarihin Huda Jiki da Haɗarinsa a Arewacin Zamfara

Kafin jaririn da aka haifa a wani ƙauye na ƙasar Zurmi ko Shinkafi ya cika kwana takwas a duniya, sau da yawa ƙarfe ya riga ya taɓa jikinsa sau uku ko huɗu. An yanke masa cibiya ranar haihuwa. A gidaje da dama an kira wanzami ya cire masa beli, wanda wasu ke kira hakin wuya. Ranar suna an yi masa aski, idan kuma gidan masu zane ne, an tsaga masa fuska. In mace ce, wata dattijuwa ta huda mata kunne da allura, ta bar zare a ciki don kada hujin ya toshe. Duk wannan yakan gudana tun ma'aikacin lafiya mafi kusa bai ji labarin haihuwar ba.

Idan ana maganar haɗarin huda jiki, hankalin mutanen birni yakan tafi kan 'yan matan da ke ƙara huji na biyu da na uku a kunne, ko masu huda hanci a shagunan kwalliya. Wannan ma yana da nasa haɗarin, kuma za a zo kansa. Amma a arewacin Zamfara, huda da tsagar da suka fi yawa, suka kuma fi tasiri ga rayuwa, a makon farko na haihuwa ake yin su. Tarihin yankin ya nuna yadda aka faro su, da amfanin da suka taɓa yi, da kuma dalilin da ya sa ɓarnarsu ta daɗe ba a gane ta ba.

Fuska a matsayin takardar shaida

Ƙasar da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi ta shafe fiye da ƙarni guda tana bakin daga. A wajajen shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda kufansa ke kusa da Isa ta yau, Gobirawa suka kafa babban birninsu a Alƙalawa, a kan ƙasar da a da ta Zamfarawa ce. A 1808 rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, kuma cikin jagororin wannan yaƙi akwai Namoda, jarumin Fulani Alibawa, wanda garin Ƙaura Namoda ke ɗauke da sunansa. Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo zaman lafiya ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa, daga baya suka zauna a Tsibiri, kusa da Katsinawan Maraɗi, kuma daga can aka yi ta kawo hari kudu shekara da shekaru. Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, Heinrich Barth kuma ya ratsa Zurmi da Badarawa a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, kuma dukansu sun tarar da hanyar da matafiyi ba ya binta sai cikin ayari da rakiya.

A irin wannan ƙasa, inda yaro zai fita kiwo da safe a wayi gari yana kasuwar bayi, zanen fuska yana da aiki na zahiri. Tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, tana gaya wa duk wanda ya gani ko ɗan wane gida ne. Zamfarawa da Kabawa da Katsinawa kowa da irin tasa aska. Da ita ake gane ɗan'uwa a fagen fama, da ita dangi ke neman wanda aka kama domin su fanshe shi, da ita kuma wanda aka sace yana ƙarami zai iya sanin asalinsa bayan ya manta harshen uwarsa. Iyayen da suka miƙa jaririn kwana bakwai ga wanzami sun san zai ji zafi, sun kuma san wani lokaci ciwon yakan ƙwaɓe, amma a lissafinsu ɓatan ɗa ya fi wannan muni.

Wannan lissafi ya fara rushewa da shigowar Turawa. Sakkwato ta faɗa hannunsu a watan Maris na 1903, dokar mulkin mallaka ta 'yantar da duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901, sannan a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. A 1911, lokacin da wani jami'in Ingila mai suna A. J. N. Tremearne ya wallafa zane-zanen fuskokin mutanen Arewa a wata mujallar masana ta Landan, abin da yake tattarawa ya riga ya fara komawa ado da alamar gado. Dalilin tsagar ya tafi a hankali, amma askar ta ci gaba da aiki a fuskokin jikoki da tattaɓa-kunne.

Abin da ke cikin zabira

Wanzanci sana'a ce ta gado mai tsari. A fadojin ƙasar Hausa akwai Sarkin Aska, a wasu wuraren Magajin Aska, wanda ke shugabantar 'yan sana'ar, kuma galibi kowane gida yana da wanzaminsa da ya gada tun daga kakanni. A zabirarsa akwai asake iri-iri, da almakashi, da ƙahonni, da ƙulle-ƙullen magani. Shi ne mai aski da gyaran fuska, shi ne mai kaciya, shi ne mai ƙaho, shi ne mai sakiya idan ƙurji ya nuna, shi ne mai shasshawa a inda jiki ya kumbura. A zamanin da babu likitan tiyata ko ɗaya tsakanin Gusau da iyakar Gobir, shi ne likitan tiyatar, kuma marurun da ya fasa a kan lokaci ya ceci ƙafafu da yawa.

Malaman daular Sakkwato ba su raina wannan fanni ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, kuma ƙaho yana da gindin zama a hadisai. Huda kunnen 'ya mace ma malamai da dama sun halatta shi, suna kafa hujja da labarin matan da suka yi sadaka da 'yan kunnensu ranar idi. Amma ba duk abin da ke cikin zabira ne yake da irin wannan madogara ba. An ruwaito hani mai tsanani game da jarfa. Akwai kuma hadisin Ummu Ƙais bint Mihsan, wadda ta zo da ɗanta bayan ta danna masa maƙogwaro saboda ciwon wuya, aka hana mata azabtar da yara ta wannan hanya, aka nuna musu wani magani a maimakonta. Duk mai tunanin cewa cire beli umarni ne na addini, ya kamata ya tsaya a kan wannan ruwaya.

Cire belin ne ma ya fi nuna yadda makon farko yake da hatsari. Jinin da ke jikin jariri mai nauyin kilo 3 gaba ɗaya wajen mililita 250 ne, wato kimanin rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa a titi. A kwanakin nan na farko kuma jikinsa yana da ƙarancin bitamin K, sinadarin da ke taimaka wa jini ya daskare, shi ya sa asibiti ke yi wa sabon haihuwa allurarsa. Yanka a can cikin baki, inda ba a iya danne wurin da yatsa, a jikin da jininsa kaɗan ne kuma ba ya saurin tsayawa, caca ce da rai. Jaririn yana iya haɗiye jinin ba wanda ya lura, yana iya shaƙarsa zuwa huhu, zafin ciwon kuma yana iya hana shi kama nono a daidai lokacin da ya fi bukata. Likitanci bai tabbatar da wani amfani da cire lafiyayyen beli ke yi wa jariri ba.

Haka yankan gishiri da ake yi wa mata. A 1983 wani likita mai suna Tahzib ya wallafa nazarin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, amma kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne sanadi.

Cutar da ke zuwa bayan an watse

Abin da ya sa irin wannan ɓarna ta daɗe a ɓoye shi ne tazarar da ke tsakanin yanka da sakamakonsa. Cutar sarƙe haƙora ita ce babban misali. Ƙwayar da ke haddasa ta, wadda masana ke kira Clostridium tetani, tana zaune a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, lulluɓe cikin wani ƙwanso mai tauri da ke iya shekaru bai mutu ba. A ƙasar noma da kiwo irin Zamfara, inda turken awaki ke tsakar gida, tana ko'ina. Idan ta samu shiga rauni mai zurfi ko wanda aka toshe bakinsa da toka ko gawayi ko baƙin tukunya, inda iska ba ta kai wa, sai ta farka ta fara fitar da dafi. Dafin yana bin jijiyoyi ya kashe birkin da ke sa tsoka ta saki bayan ta ɗaure. Jaririn da ke shan nono lafiya sai ya daina, muƙamuƙinsa ya kulle, jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, ƙaramin motsi ko haske ya tayar masa da jijjiga. Idan babu kulawar asibiti, da wuya ya tashi.

Alamun kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan raunin. Wanda ya kamu ta cibiya yakan fara nuna alama a wajajen ranar suna. Wanda ya kamu ta tsagar ranar suna kuwa, sai a mako na biyu ko na uku, bayan baƙi sun watse, an cinye ragon, raunin ma ya fara kamewa. Ba abin mamaki ba ne da aka riƙa danganta irin wannan mutuwa ga iska ko maita, domin babu abin da zai sa uwa ta tuna da askar da ta wuce kwana goma.

Su ma Turawa ba su daɗe da ganewa ba. Sai a 1884 Arthur Nicolaier ya nuna a Jamus cewa ƙasa ce ke ɗauke da cutar, a 1889 Kitasato Shibasaburo, ɗan Japan, ya ware ƙwayar, a shekarun 1920 kuma aka samar da rigakafinta a Faransa. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 kaɗai jarirai 787,000 ne cutar ta kashe a duniya. Zuwa 2018 adadin ya sauko wajen 25,000. Babban abin da ya kawo wannan sauyi shi ne yi wa mata allura kafin ciki ko lokacin goyonsa, domin kariyar uwa tana ratsawa ta mahaifa zuwa ga ɗan, ta tsare shi a makonnin farko. Nijeriya na cikin 'yan ƙasashe ƙalilan da har yanzu ba a tabbatar sun kawar da cutar a duk faɗinsu ba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da tsaftar ƙarfe. Goge aska a tsumma ko wanke ta da ruwan zafi ba ya kashe ƙwanson nan, har tafasawa ta ɗan lokaci ma yana iya jurewa. Asibiti yana amfani da tukunyar tururi mai matsi, wadda zafinta ke kai digiri 121, na tsawon aƙalla minti 15. Wanzamin da ya fi kowa tsafta a kasuwar Shinkafi ba shi da wannan tukunya.

Cutar da ke jiran shekara talatin

Idan sarƙe haƙora tana jinkirin kwanaki, ciwon hanta nau'in B shekaru yake jinkiri. Ƙwayarsa ta jini take bi, kuma tana iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe har kwana bakwai ko fiye. Saurin kamuwa da ita ta wannan hanya ya ninka na ƙanjamau sau hamsin zuwa ɗari. Digon da ido ba ya gani a bakin aska ko a cikin ƙaho ya isa.

Shekarun mai kamuwa su ne ke yanke hukunci. Babban mutum idan ya kamu, yana iya yin zazzaɓi da shawara, amma galibi jikinsa yakan kori cutar. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaune musu. Jariri kuwa, wajen tara cikin goma cutar takan zauna musu har tsawon rai, ba tare da wata alama ba. Yaro zai tashi lafiya, ya yi karatu, ya yi aure, sai yana ɗan shekara talatin da wani abu ko arba'in ciki ya fara kumbura, ido ya yi ɗorawa, a je asibiti a ce hanta ta taurare ko ta kamu da ciwon daji. A lokacin wanzamin da ya yi masa aski ya daɗe da rasuwa. Gaskiya ne cewa yara da yawa daga uwa suke ɗauka wurin haihuwa, wasu kuma daga 'yan'uwansu a cikin gida, amma ƙarfen da ake yi wa yara da yawa aiki da shi, kamar a kaciyar taro ta lokacin sanyi, hanya ce buɗaɗɗiya.

A nan ne sauyin tattalin arziki ya shigo. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya isa Ƙaura Namoda, garin ya zama ƙarshen layi, inda ake tara gyaɗa da auduga da fatu, ya kuma janyo 'yan ƙwadago da fatake daga nesa. Kasuwar Shinkafi ta zama mahaɗar 'yan kasuwa daga Nijar da kudancin Nijeriya. Wanzamin ƙauye yana aiki ne a kan 'yan gidajen da ya sani. Wanzamin da ya shimfiɗa tabarma a bakin tasha ko a babbar kasuwa kuwa, a yini ɗaya askarsa da ƙahonsa suna bin jikin baƙi da yawa da ba su san juna ba, gobe kuma da kayan nan zai je gidan suna.

Babu wanda zai iya ganin wannan sarƙa a lokacin, domin sai a tsakiyar shekarun 1960 Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a jini, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1976. A 1986 aka fara babban gwajin rigakafin a kan jarirai a Gambiya. Nijeriya ta shigar da shi cikin alluran yara na yau da kullum a 2004. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, alhali masu ƙanjamau ba su kai kashi 2 ba. Tun daga 1986, da aka ba da rahoton ƙanjamau na farko a ƙasar, tsoronta ne ya sa mutanen gari suka fara zuwa wurin aski da rezarsu, amma cutar da ta fi bin reza ba ta samu irin wannan shela ba.

Allurar hukuma ma ta taɓa yin ɓarna

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin labarin jahilcin gargajiya da wayewar asibiti. Hukuma ma ta huda jikin jama'a, kuma ita ma ta yi kuskuren da wanzami ya yi. Dattawan Zamfara da yawa suna ɗauke da tabon lamba a dantse, shaidar yaƙi da agana. Gangamin da aka fara a 1967 a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka ya yi amfani da wata bindigar allura mai feda, wadda ke harba magani cikin fata, ana bin mutane a layi da baki ɗaya na na'urar. Gangamin ya yi nasara, domin a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Amma a 1985 aka gano cewa wata na'ura mai irin wannan aiki ta yaɗa ciwon hanta nau'in B a wani asibiti a Kalifoniya ta Amurka, daga baya aka daina amfani da ire-irenta a gangamin rigakafi.

Abin da ya faru a Masar ya fi wannan girma. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 hukuma ta yi wa miliyoyin mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi da ake maimaitawa ba tare da cikakkiyar tsaftacewa ba. Binciken 2008 ya tarar da alamar ciwon hanta nau'in C a jinin kashi 14.7 cikin 100 na Misirawa masu shekara 15 zuwa 59, adadin da ya fi na kowace ƙasa a lokacin. Likitoci ne masu takardar shaida suka yi wannan aiki, da kyakkyawar niyya. Ƙwayar cuta ba ta tambayar wanda ke riƙe da ƙarfen. Abin da ya dame ta shi ne jikin da ƙarfen ya fito da wanda zai shiga.

Kunne da hanci

Huda kunnen jaririya, in an kwatanta da sauran, shi ne mafi sauƙin haɗari, kuma akwai inda al'ada ta dace. Ƙasan kunne nama ne mai laushi da jini ke zagaya shi sosai, yakan warke cikin mako shida zuwa takwas. Babbar matsalarsa ga baƙar fata ita ce tabon nan mai tudu da ake kira kiloyid, wanda ke ci gaba da girma ya wuce bakin raunin, wani lokaci ya kai girman goro yana lilo, kuma ko an yanke shi yakan dawo. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa waɗanda aka huda bayan sun kai shekara 11 sun fi waɗanda aka huda da ƙuruciya yin wannan tabo. Kakannin da suka zaɓi huda tun ana jariri ba su yi kuskure ta wannan fuska ba. Inda matsala take shi ne allurar da aka ciro daga kayan ɗinki, da zaren da ke jiƙewa ya riƙe datti, da tsinken da ake sokawa daga baya, da man da ake shafawa da hannun da ba a wanke ba.

Sabon yayi shi ne ya zo da sabon haɗari. 'Yan mata a manyan garuruwa da makarantun gaba da sakandare suna ƙara huji a saman kunne ko a hanci, wuraren da guringuntsi ne. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa, saboda haka yakan ɗauki watanni kafin ya warke, kuma idan ya yi ruwa magani ba ya isa gare shi da sauri. Mugunya tana iya taruwa ta cinye shi cikin 'yan kwanaki, kunne ya shanye ya naɗe, ba kuma zai koma yadda yake ba. Bindigar huda kunne da ake gani a shaguna da kasuwanni galibi ta roba ce, ba ta shiga tukunyar tururi, kuma tana fasa nama da ƙarfi ne maimakon ta yanka shi. 'Yan kunne masu araha kuma sau da yawa akwai ƙarfen nikel a cikinsu, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje na dindindin, har Tarayyar Turai ta kafa masa doka a 1994. Kunnen da ya yi ja, ya kumbura, yana zogi, musamman ta sama, na asibiti ne a ranar. Mai ciwon suga, da wadda a danginsu ake yin tabo mai tudu, su ne suka fi cancantar yin dogon tunani kafin ƙarin huji.

Wanda ya riga isa

Doka ta yi magana. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro jarfa ko zane, da tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafi ta haramta kaciyar mata. Amma zanen fuska ya riga ya ja baya da kansa, saboda makaranta da wa'azi da aure tsakanin ƙabilu da kuma kunyar da yara ke ji a birni. Cire beli kuwa, wanda ba a ganinsa a fuska, yana nan, domin uwa tana yin sa ne don tsoron ciwo, kuma tara ba ta maganin tsoro.

Idan aka jera ayyukan wanzami, kashi uku suke. Akwai waɗanda za a iya tsaftace su a ci gaba da yi: aski da kaciyar maza da hujin kunne, da sabuwar reza ko allura ga kowane yaro, da wanke hannu, da barin rauni ba a cusa masa komai ba. Akwai wanda dalilinsa ya wuce, wato zane. Akwai kuma waɗanda sabuwar reza ba ta gyara su, domin yankan kansa ne cutarwar, wato cire belin jariri da yankan gishiri.

Abin da ya fi kowane ɗayan waɗannan muhimmanci shi ne wanda ya fara isa wurin jaririn. Allurar farko ta ciwon hanta ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Zamfara kimanin haihuwa ɗaya cikin goma ce ake yi a asibiti. Amincewa da allura ma ta taɓa samun rauni: a 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan-inna, tare da Kano da Kaduna, kuma sai da sarakuna suka shigo, musamman ta kwamitin da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, kafin aka kai ga ayyana ƙasar a matsayin wadda ta rabu da cutar ta daji a 2020. Yanzu kuma ga rashin tsaro. Ƙasar da Barth ya ratsa da rakiya ta sake zama inda ake tsoron hanya. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, amma ƙananan asibitocin ƙauyuka da yawa sun zama kufai. Wanzami kuwa yana nan, domin ɗan garin ne, kuma ko a sansanin gudun hijira aka haihu, za a neme shi ranar suna.

Maƙwabciya Sakkwato ta gwada amfani da wannan. An horar da wanzamai su riƙa faɗakar da iyaye game da rigakafi, suna tura sababbin haihuwa asibiti, aka kuma wallafa sakamakon gwajin a 2020. Hikimar a bayyane take: mutumin da ke shiga kusan kowane gidan haihuwa a makon farko, wanda maigida ke jin maganarsa, ya fi kowace rumfar shela isa. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, wato ya fi kowa sanin zafin abin da yake yi wa mutane. Sarakunan Aska na masarautun Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi suna da ikon da ma'aikatar lafiya ba ta da shi a kan 'yan sana'arsu. Idan suka tsayar cewa kowane yaro da rezarsa, ba a taɓa beli, kuma wanzami zai tambayi katin rigakafi kafin ya buɗe zabira, kuɗin da hakan zai ci kowane gida bai kai na goron da ake rabawa a ƙofar gida da safiyar suna ba.